Abin da Hanci Ya Faɗa

Ivalu ta zare zoben, ta ajiye shi a bakin jirgin ruwan Qillaq.

"Riƙe abinka."

Bai miƙa hannu ba. A bayansa wani curin ƙanƙara mai kama da tsohuwa a durƙushe yana tsaye cikin ruwa, kwana tara ke nan ya ƙi tafiya.

"Hasken idona, tsaya ki ji..."

"Hoton wa ke manne a bangon kanti?"

Nasa ne. A shekarar ce manyan ƙasashe suka tuna da mu. Jiragen yaƙi suka riƙa wucewa ta gaban ƙauyen, yau na waɗannan, jibi na waɗancan, rediyo kuma ba ta da zance sai na wanda zai mallaki Greenland, sai ka ce babu mutane a cikinta. Wani kamfanin ƙetare ya zo yana son fasa dutsen da ke bayan gari, wai akwai ma'adinin da duniya ke faɗa a kansa. Qillaq ne ke kai mutanen kamfanin da jirginsa. Rana ɗaya aka wayi gari da fuskarsa a takarda, an rubuta a ƙasa cewa ɗan gari ya amince.

Mahaifin Ivalu, tsoho Piitaq, a gindin dutsen nan tumakinsa suke kiwo, a nan kuma kabarin uwarsa yake, wadda Ivalu ta ci sunanta. Ya kira ta ya ce, "Uwata, wanda ya sayar da dutse, mace ba za ta yi masa wuyar sayarwa ba."

Qillaq ba mai yawan magana ba ne. Ya dai ce mata ya faɗa musu a'a. Ta ce ai Bolethe tana wurin, ita ce tafintar baƙin, kuma ta rantse ya amince. Bolethe nan tun suna makaranta take bin Qillaq da ido, kowa ya sani, amma mai fushi ba ya tuna irin wannan.

Ivalu ta juya ta tafi, hawaye yana daskarewa a kumatunta.

Bayan mako guda kakar Ivalu ta wajen uwa ta cika shekara tamanin, aka buɗe ƙofa ga kowa ya shigo ya sha kofi, kamar yadda aka saba. Har wani jami'in kamfanin ya shigo, ya cire takalmi, Bolethe na biye da shi. Don ya faranta wa tsofaffi rai, sai ya fito da wayarsa ya nuna musu bidiyon ɗan garinsu da ya amince.

Ivalu ta so ta kau da kai, ta kasa.

Ga Qillaq nan a jirginsa. Aka tambaye shi ko ya yarda a fasa dutsen. Ya yamutsa hanci. Aka sake tambaya, ya sake yamutsawa, har idanunsa suka rufe. Sai muryar Bolethe ta ce da baƙin ya yarda.

Mu tun muna goye muka san ɗage gira e ne, yamutsa hanci kuwa a'a.

Kakar ta ajiye kofinta.

"Bawan Allah, hancin nan ai har sau biyu ya ƙi ku."

Baƙon ya ce shi ya zaci murmushi ne, ko kuwa sanyi. Aka waiga wajen Bolethe, sai kofinta kawai yana tururi.

Ivalu ba ta tsaya neman safar hannu ba. Ta samu Qillaq a bakin ruwa yana loda kaya a jirgi, ya bar aikin baƙin, zai tafi arewa kamun kifi, kuma ba ya da niyyar dawowa.

"Me ya hana ka buɗe baki, kai beben banza?"

"Na faɗa da fuskata. Da ita aka haife ni."

"Ni ce ban yarda da kai ba..."

Kuka ya ci ƙarfinta. Ya buɗe gwangwanin ƙugiyoyinsa, zoben yana ciki, naɗe da tsumma.

Tsoho Piitaq ya iso yana haki. Ya daɗe yana kallon saurayin, sannan ya ce ya zalunce shi, ya roƙe shi ya yafe masa. Ya ƙara da cewa ranar taron gari, shi da Qillaq za su miƙe su faɗi a'a ɗin da baki, da ƙarfi, tunda mutanen nan kurame ne a ido.

Can nesa wani jirgin yaƙi yana wucewa, ba wanda ya san na wace ƙasa ne. Igiyar ruwansa ta iso, curin ƙanƙarar nan ya yi ƙara, ya juya, ya kama hanyar teku.

Piitaq ya dubi 'yarsa.

"To, Uwata, har yanzu kina son sa?"

Ivalu ta dubi Qillaq. Ta ɗage girarta sama, ta bar ta a can, kuma duk wanda ke bakin ruwan ya ji.