Kukan Da Ke Ƙarƙashin Muryar Mu'az

Ranar da abin ya fara, babu abin da ya bambanta yammacin da sauran ranaku a gidan marigayi Mu'az da ke unguwar Takur. An sauke tuwo an rufe shi. Dada, mahaifiyar marigayin, tana kan tabarma a gindin bango tana jan carbi. Jikarta Umaima tana kwashe shanya daga igiya kafin a kira magariba. Mashkura, uwar Umaima, tana ɗaki gaban kwamfuta tana jiran wani bidiyon biki ya gama hawa intanet.

Dutse na farko a kan rufin kwano ya sauka, ya gangaro a hankali ya faɗo tsakar gida. Dada ta ɗaga kai ta yi wa yaran unguwa faɗa ta saman katanga, duk da ba ta ji motsin kowa ba. Na biyu ya biyo baya, sannan na uku. Mashkura ta fito ta ɗauki ɗaya, ta ji shi da sanyi da laima kamar daga rijiya aka ciro shi, alhali rabon garin da ruwan sama an jima. Maƙwabcinsu Malam Bot, ma'aikacin gwamnati ɗan Filato, ya zagaya bayan gidan da fitila ya dawo ya ce babu ko akuya a lungun, kuma a kan nasa rufin ko tsakuwa ba ta faɗa ba.

Da aka idar da salla jifan ya tsaya. Sai shiru ya sauko wa gidan, irin shirun da mutum yake jin numfashin kansa. A cikin shirun nan ne suka ji kukan: muryar mace, can ƙasa-ƙasa, kukan wadda ta daɗe tana yi har ƙarfinta ya ƙare. Ba daga waje yake zuwa ba, kuma babu ɗakin da za a ce daga cikinsa yake.

Mashkura da mijinta sana'a ɗaya suke yi tun kafin ya rasu. Shi yake ɗaukar bidiyo a wuraren biki da saukar karatu da tarukan ƙungiyoyi, ita kuma take gyarawa ta watsa. Aikinta ya yi suna a Dutse saboda bidiyonta ba ya tsinkewa. Takan ɗora shi a kan manyan kwamfutocin da ake haya a intanet, su matse shi su fitar da shi kala-kala: mai nauyi garau don masu netwok mai ƙarfi, mara nauyi don mutumin ƙauye da wayarsa take kama layi da ƙyar. Daga nan a rarraba kwafinsa zuwa ma'ajiyoyi a ƙasashe daban-daban, domin duk inda mai kallo yake, ya samu daga wadda ta fi kusa da shi. Mu'az yakan yi mata tsiya ya ce shi kama kifi kawai yake yi, ita ce mai miya.

Haɗarin mota ne ya yi ajalinsa a hanyar dawowa daga aiki. Bayan ta fita takaba, Mashkura ta shiga binciken abin da ya bari, ta tarar da bikin mutane da tarukan mutane ba iyaka, amma shi kansa ba ya ciki, domin kullum yana bayan kyamara. Bidiyo ɗaya tak ta samu da fuskarsa. Ya ɗauke shi ne a rugar kawunsa da ke bayan Aujara, daf da faɗuwar rana, ya kafa kyamarar a kan ƙafarta ya tsaya gindin wata tsamiya kusa da tsohuwar rijiya, yana nuna wa Umaima shanun gidansu yana kiran kowace da sunanta, yana dariya.

Bidiyon ya yi duhu, ga iska tana kaɗa maganar. Mashkura ta zauna a kansa makonni. Ta ɗaga haske, ta tace sautin, ta fito da duk abin da duhu ya ɓoye har ana iya ganin ƙwayar idonsa. Sannan ta ɗora shi don 'yan uwa. Ƙanwarsa da ke aure a Makka ta kalla, abokansa na makaranta suka kalla suka tura wa wasu, har waɗanda ba su taɓa saninsa ba suka riƙa kallo suna yi masa addu'a. Wannan ne kaɗai abin da ya ɗan sanyaya mata zuciya tun rasuwar.

Jifan ya ci gaba, kullum daga faɗuwar rana zuwa idar da sallar magariba. Suka yi hayaƙin habbatus sauda, Dada ta yayyafa ruwan addu'a a kusurwoyin gida, Mashkura ta riƙa kunna karatun Baƙara tun la'asar. Abin yakan lafa, ya sake dawowa.

Sannan ya koma kan Umaima. Yarinya ce mai surutu, amma ta yi shiru, ta daina cin abinci sai an matsa mata. Wani yammaci Mashkura ta fito ta same ta durƙushe a tsakar gida, tana tara ƙasa da hannu biyu tana shafa samanta a hankali, kamar mai gyara ƙaramin kabari. Ta kira sunanta ba ta waiwayo ba. Da ta dafa kafaɗarta, yarinyar ta ɗago, idanunta a bushe, amma kukan nan da suke ji a gidan yana fita daga bakinta.

"Ku daina kallona," in ji ta, da muryar tsohuwa.

An kai ta asibiti, likita ya duba ya ce jikinta lafiya lau, sai dai rama. A nan ne Dada ta ce a nemo Malam Abdurrahim na Garki, wanda ya yi karatu tare da marigayi mijinta, mahaifin Mu'az, mutumin da ba ya karɓar komai a hannun kowa kuma ba ya duka wajen ruƙiyya.

Ya iso bayan la'asar, dattijo siriri mai magana a hankali. Ya yi musu ta'aziyya tukuna, ya sha ruwa, sannan ya ce a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a zaunar da yarinyar tsakanin uwarta da kakarta. Ya fara karatu ba tare da ɗaga murya ba. Rana tana sauka, inuwar katanga tana cinye tsakar gidan, shi kuwa bai yi sauri ba. Can jikin Umaima ya ɗauki rawa, sannan ya tsaya cak. Ta miƙe zaune, ta lanƙwashe ƙafafu irin zaman tsofaffi, ta yi sallama da Fulatanci, irin na mutanen da, wanda Dada ta ce rabonta da jin irinsa tun tana yarinya.

Malam ya amsa sallamar. Ya tambaye ta ko musulma ce, ta ce musulma ce. Ya tambayi sunanta, ta ce sunanta ba zai amfane shi ba. Ya ce to ta san shiga jikin marainiya zalunci ne, kuma Allah zai tambaye ta.

"Na sani, Malam," in ji muryar. "Na yi jifa ba a gane ba. Na yi kuka ba a gane ba. Ita ce ta fi kowa kallona. Kullum da yamma takan ɓoye waya a cikin hijabi ta kunna."

Mashkura ta dubi 'yarta. Ba ta san Umaima tana yin haka ba.

A hankali, Malam yana tambaya tana amsawa, labarin ya fito. Tsamiyar nan ta bayan Aujara gidanta ce tun kafin a haƙa rijiyar. Ranar da Mu'az ya kafa kyamararsa, a ranar ta binne ɗanta, shi kaɗai gare ta, kuma tana durƙushe a kan kabarin a bayansa tana kuka. Ba ta ga laifinsa ba, domin bai san tana wurin ba, kuma duhu ya rufa mata asiri. Amma sai aka zo aka yaye duhun.

"Mu ba a halicce mu don a gan mu ba," in ji ta. "Yanzu duk wanda ya kunna, sai in tsinci kaina a gindin tsamiyar nan, ƙasar kabarin tana hannuna da ɗuminta. A wannan gari, a wancan gari, a ƙasashen da ban san sunansu ba. Wani yana cin abinci yana kallo. Ban samu yini ɗaya na yi makoki na gama ba."

Malam ya juyo ya dubi Mashkura. Ta ce za ta yanke wurin da matar ta fito. Muryar ta ce tun daga farko har ƙarshe tana nan bayan kafaɗarsa. Ta ce za ta dusashe bayan hoton ta bar fuskarsa kawai. Muryar ta ce kukan fa, yana ƙarƙashin kowace kalma da ya faɗa. Mashkura ta tuna wani siririn sauti da ta yi ta fama da shi lokacin gyara, ta ɗauka kukan iska ne a bakin rijiya, har ta haƙura ta bar shi.

"To ki bar mini guda ɗaya," ta ce, hawaye yana zubo mata. "Zan sauke na intanet duka. Guda ɗaya a gida, ni da 'yarsa da mahaifiyarsa. Ba mu da wani wurin da za mu ji muryarsa."

Daga nesa aka fara jin ladan yana gyara lasifika.

"Ko sau ɗaya kika kunna, sai na sake binne shi," in ji ta.

Sai Dada, wadda tun da aka fara ba ta ce uffan ba, ta ajiye carbinta a kan tabarma.

"Goge shi, Mashkura," ta ce. "Ni na san abin da take faɗa."

Mashkura ta share fuska ta yi wa Malam bayani, cewa abin da ke kan kwamfutocin haya da kwafin da aka rarraba duk tana iya gogewa, haka na cikin gida. Amma akwai waɗanda suka riga suka sauke a wayoyinsu, waɗannan sai dai ta roƙe su, ba ta da iko a kansu. Malam ya mayar da maganar ga muryar, wannan karon da kaushi. Ya ce baiwar Allah nan za ta ba da abin da ya fi komai daraja a wurinta, don haka ba za a kama ta da abin da ya fi ƙarfinta ba. Ya ce dole ita muryar ta rantse da Allah cewa idan aka goge za ta fita, ba za ta sake kusantar yarinyar ko gidan ba, ko da wani can ya kunna nasa. Muryar ta ja numfashi, ta ce wannan za ta iya jurewa, domin zai riƙa raguwa. Ta rantse.

Ta ƙara da cewa idan suna so su yi kallon bankwana, za ta daure sau ɗaya. Mashkura ta dubi 'yarta, ta ga yadda wuyanta ya rame, ta gane cewa a wannan jikin za a yi daurewar. Ta ce a'a.

Ta ɗauko kwamfutar ta ɗora a cinya. Ta fara da na intanet, ta ba da umarnin a share shi daga kowace ma'ajiya, ta zauna tana kallo suna amsawa ɗaya bayan ɗaya. Ta goge wanda ta gyara, ta goge na wayarta da na wayar Umaima. Na ƙarshe shi ne na asali, mai duhun nan, a katin kyamararsa. Ƙaramin hotonsa yana kan allon, ya buɗe baki zai kira wata saniya. Hannunta ya ƙi motsi, sai da Dada ta ɗora nata a kai.

Umaima ta yi atishawa sau da yawa a jere. Muryar ta ce, can nesa kamar daga ƙasan rijiya, "Allah ya ji ƙan naku." Malam ya ce, "Ya ba ki haƙurin naki." Yarinyar ta sulale a jikin uwarta, barci ya ɗauke ta.

Jifa bai sake sauka a gidan ba. Mashkura ta bi 'yan uwa da abokai ɗaya-ɗaya tana roƙon su goge, wasu suka gane, wasu suka yi mata kallon wadda baƙin ciki ya taɓa. Umaima ta warware, ta koma makaranta, ba ta tuna komai daga abin da ya faru.

Wani yammaci Umaima ta fito daga ɗaki da waya a hannu, ta ce bidiyon Abba ya ƙi buɗewa. Mashkura ta zaunar da ita ta gaya mata gaskiya duka. Yarinyar ba ta yi kuka nan take ba. Sai dai ta ce ita tsoronta kada ta manta yadda yake magana.

Dada ta jawo ta ta kwantar da kanta a cinya. Mu'az ɗan fari ne, kuma tun ranar da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunya, ko a gabansa ko a bayan idonsa, ko ranar da aka kawo gawarsa. Ta gyara murya, ta daɗe kafin kalmar ta fito.

"Mu'az," ta ce, "tun yana ƙarami in zai yi magana sai ya fara da dariya. Tsaya ki ji yadda yake yi."