Mawaƙi Mai Kalma Biyu

Shamsiyya ta fara ganinsa ne a tsugune bayan bafal, babbar lasifikar nan ta kiɗa, gumi ya jiƙa shi. A bayan rigarsa an rubuta injiniya da manyan baƙaƙe. Injiniyan yana ɗaure wayar wuta da ledar burodi.

Asabar ce bayan la'asar, an kawo konsar filin ƙwallon Dogon Dutsi. Autarsu Mubaraka, mai shekara huɗu, ta kwana uku tana kuka sai an kai ta. A gida Shamsiyya ta ce gidan gwaggo za su, don babansu Alhaji Dalhatu ko wayar da ke kira da kiɗa ba ya bari a shagonsa. Tun da suka sauka daga kabu-kabu take waige-waige, tana gyara hijabi, tana duba agogo.

Saurayin ya hau dandali ya ɗauki mikoro.

"An, de. An, de."

Ɗaya, biyu ne da Faransanci, gwajin murya kawai. Amma Mubaraka ba ta taɓa zuwa konsar ba. Ta fizge hannu, ta tsaya gaban dandali ita kaɗai, ta kama rawa har da juyi. Saurayin ya dube ta, ya dubi yayarta, ya ƙara "an, de" goma da aikin bai buƙata ba.

Da mawaƙin gaske ya fito, da baƙin tabarau da mutum biyu masu riƙe masa ruwa, Mubaraka ta toshe kunne ta fasa ihu.

"A maido mawaƙina!"

Saurayin ya zo ya durƙusa gabanta har ta yi shiru.

"Sunana Huzaifa," ya ce wa Shamsiyya. "Yau na samu masoyiya."

"Ita kake nuhi?"

"Yanzu dai ita."

"Ina kay yi karatun injiniyan?"

"Rigar maigidana ce. Tawa na shanya."

Wannan amsar ce ta sa ta ba shi lamba.

Washegari saƙo ya shigo: "Ina kwana Shamsina. An ce ma'anar sunanki rana. Shi ya sa jiya na yi gumi."

Ta rubuta: "Gumin ya riga ni zuwa. Amma ci gaba, ina karantawa."

Ya ci gaba har wata huɗu.

A lokacin akwai wani mai neman ta, Jalaluddeen, ɗan aminin Baba, wanda ya yi wata takwas a Yamai ya dawo ba ya iya gaisuwa sai ya sa "bon" na Faransanci a gaba. Ya ce yana da poroje, wato manyan ayyuka, guda uku. Shamsiyya ta tambayi ko ɗaya yana da ƙofa da rufi. Bai gane ba, ya yi godiya.

Ranar da Huzaifa ya zo da kawunsa gaida Alhaji, Mubaraka ce ta riga kowa zaure.

"Baba! Ga mawaƙina!"

Alhaji ya aje butar da ke hannunsa. "Mawaƙi? Ina kika san shi?"

"Gidan gwaggo. Mai hili babba da ganguna."

Ko ruwa ba a kai wa baƙin ba. Alhaji ya ce ba ya ba mawaƙi ɗiya, kuma bayan salla iyayen Jalaluddeen za su zo.

Kwana goma sha biyu Shamsiyya ba ta zauna wuri ɗaya ba. Ta share tsakar gida sau uku kafin azahar. Ta zuba gishiri a kunu. Ta ɗauki waya ta aje, ta sake ɗauka.

"Ranata, ko in bar garin?" ya rubuto.

"Ka tahi ka bar ni da mai bon? Tsaya nan."

Da hantsi ta sami Alhaji a zaure, ta durƙusa.

"Baba, ƙaryar gidan gwaggo tawa ce, ka yahe mani. Amma ka kira shi ya yi maka waƙar. In ka ji waƙa ce, na haƙura."

Aka kira shi. Ya zauna ƙasa, kai a sunkuye.

"To, rera," in ji Alhaji.

Huzaifa ya gyara murya. "An, de. An, de."

"Ci gaba."

"Ta ƙare, Alhaji."

Alhaji ya karkata kunne. Ya san muryar nan. Shekara uku yana jin ta kowace Juma'a a masallacinsu kafin huɗuba, bai taɓa waiwayawa ya ga mai ita ba.

"Kai ne mai gyara muna lasifika?"

"Ni ne."

"Juma'a masallaci, Asabar konsar?"

"Abinci ne, Alhaji."

"To zaɓi. Konsar ko ɗiyata."

Rabin abincin Huzaifa daga konsar yake fitowa, kuma duk wanda ke zauren ya san haka. A bayan ƙofa Shamsiyya ta danne bakin Mubaraka da tafin hannu.

"Na bari," ya ce. Can ya ɗago. "Taron siyasa fa?"

"Can ƙarya ake yi, ba kiɗa ba. Kana iya zuwa."

Bayan salla aka ɗaura aure a ƙofar gida. Jalaluddeen ya zo, ya ce dama poroje ba su bar shi lokacin aure ba. Liman na cikin addu'a lasifika ta kama ƙugi. Ango ya zabura zai tashi, Alhaji ya riƙe masa bakin riga.

"Zamna, ɗana. Yau ba aiki kaz zo ba."

Liman ya aje mikoro ya ɗaga murya da kansa, har mata a cikin gida suka ji. Allah Ya ba da zaman lafiya, Ya kawo zuri'a mai albarka. Shamsiyya ta shafa, ta ce amin, sannan ta sami wuri ta zauna.