Ɗan Acaɓa a Kan Babur ɗin Tsere

"Kowa ya kwanta! Na ce kowa ya kwanta!"

Babu wanda ya kwanta. 'Yan dakon, dukkansu 'yan Cana, suka tsaya suna kallon Ma'azu. Ɗaya ma bai daina cin taliyarsa ba.

"Kai, ni jaki ne," in ji Ma'azu. "Da wa nake Hausa a nan? Huzaifa, nuna musu abin!"

Huzaifa, abokinsa, ya zaro bindiga. Sai a lokacin hannuwa suka tashi sama.

Rana tsaka ce, a bayan wani zauren baje koli da ke titin Liuhua, a birnin Guangzhou. An sauke babur ɗin daga akwatinsa ke nan. Ja ne wur, ƙirar wani tsohon kamfanin Italiya da ya girmi kakan kowa a wurin. Na gwajin tsere ne, ba a fara sayar da irinsa ba, shi kaɗai ne a duniya. Wani tsohon Bature, makanikin da ya rako shi daga Italiya, ya tare gabansa da jikinsa kamar mai kare jariri.

Tankari ne ya kawo maganar kwanakin baya, suna cin tuwo a Xiaobei, unguwar da Hausawa suka fi zama. Mutumin Maraɗi ne, tsohon dillali da kasuwa ta juya wa baya. Ya ce akwai wani laoban, wato maigida, mai masaƙar wandon jins a Xintang, da ke son babur ɗin ko ta halin ƙaƙa.

"Ba a barin baƙuwar mota ta shiga harabar," in ji shi, "amma moto, babur ke nan, zai fice ta ƙofar masu ƙafa. Ni ina jira da motar kaya a titin Huanshi. Wa ya iya moto?"

Ma'azu ya bugi ƙirji. Kafin yayarsa Rahila ta ɗauko shi ya taya ta tsaron shago, acaɓa yake yi a Kano. "Oga, na taɓa ɗaukar mace da buhun gero da akuya daga Kurna zuwa Sabon Gari. Babur ai babur ne."

Yanzu ga shi a gaban babur ɗin, yana zagaya shi.

"Ina wurin makulli? Ina kik?"

"Ni kake tambaya?" in ji Huzaifa. "Baaba, yi sauri!"

Ma'azu ya ɗora wa Baturen wuƙa a kafaɗa, ya yi masa ƙarar inji da baki. Tsohon ya gane. Hawaye na zuba, ya jawo wata na'ura mai birgima, ya ɗora tayar baya a kai. Injin ya kama.

Ƙarar ta sa kwanon taliyar nan ya faɗi ƙasa!

Baturen ya riƙe hannun Ma'azu yana nuna tayoyin, yana rawar ɗari, yana girgiza kai. Nufinsa tayoyin tsere ne, sai an ɗumama su suke kama kwalta. Ma'azu ya duba, ya gan su sumul ba zane.

"Ka ga Turawa da maƙo! Suɗaɗɗiyar taya suke hawa, mu ake zagi."

Ya haye. Huzaifa ya ɗaga ƙafa zai hau baya, ya tarar babu wurin zama.

"Ma'azu, ina zan zauna?"

"Wallahi Oga bai faɗi wannan ba."

"To yaya za a yi da ni?"

"Ka biyo ni a bas!"

Ya murɗa. Tayar gaba ta ɗaga sama, ya fice ta ƙofar masu ƙafa yana salati. Huzaifa ya juyo ya ga 'yan dako sun fara matsowa. Tsoro ya sa ya danna kunamar bindigar. Sai ga ɗan harshen wuta ya fito, ƙyal! Ashe ta kunna sigari ce, Tankari ya sayo a kasuwar sari bai gaya wa kowa ba.

"To, kun gani," in ji Huzaifa, ya kwanta da kansa.

A ofishin 'yan sanda, Sufeto Liang bai jira an kira waya ba. An daɗe da hana babur mai shan mai a tsakiyar Guangzhou. Babur ɗaya tak ke ihu a garin, kyamarori sai miƙa wa juna shi suke yi.

"Kada ku matsa masa," ya ce wa yaransa. "Ku dai tare gabansa. Wannan ba shi ke tuƙa babur ɗin ba."

Ma'azu ma haka yake gaya wa kansa. Ya kwanta rub da ciki a kan tanki, gwiwoyi sun kusa taɓa kunnuwa. Ya ɗan taɓa mai — fiii! — bas ta koma baya. Ya nemi hon, babu. Ya nemi madubi, babu. Sai ya koma yin hon da baki.

"Hanya! Hanya! Wayyo Inna, wa ya aike ni!"

Can ya hango motar kayan a gefen titin Huanshi, ƙofar baya a buɗe, an jingina katakon hawa. Tankari na tsaye. Shi ma ya ji jiniya ta kowane ɓangare. Ya dubi Ma'azu, ya dubi fitilun da ke bayansa. Ya ture katakon da ƙafa, ya rufe ƙofa.

"Oga! Oga Tankari, ni ne!"

Motar ta ja. Motar wanke titi ta wuce ta wurin ba da jimawa ba, kwalta jage-jage. Ma'azu ya damƙi birkin gaba irin yadda ya saba damƙar na acaɓa.

Babur ya yi gabas, shi ya yi yamma!

Da ya farfaɗo, takalman 'yan sanda ya fara gani. Ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Ya ɗaga hannu ɗaya ya faɗi abin da ya fi iyawa a Cananci, wanda masu shago ke faɗa in kaya sun ƙare.

"Meyo, laoban. Meyo."

Tankari ma a hannun hukuma ya kwana. Maigidan Xintang ya ga bidiyon abin da ya faru a wayarsa, ya tsorata, shi da kansa ya kira 'yan sanda yana ba Tankari shayi. Babur ɗin kuwa a buhuna aka tattara shi. An ce tsohon makanikin ya zauna a bakin titi yana tsintar ɓaraguzai, daga nan bai sake riƙe sifana ba. Kotu ta ba su ukun shekaru masu tsawo. Hausawan Xiaobei suka daɗe suna nuna wa 'yan sanda fasfo a kowace kwana, masu haya suka fara cewa babu ɗaki.

Rahila ta zo ganinsa sau ɗaya. Ya fito yana jan ƙafar da aka sa wa ƙarfe, ya zauna a bayan gilashi.

"Na rufe shagon," in ji ta. "Masu ba ni kaya sun janye. Gida zan koma."

"Yaya, ki gaya wa Inna na samu aiki. Da abinci, da wurin kwana, har da masu gadi."

Ba ta yi dariya ba.

"Inna ta ga bidiyon, Ma'azu. Duk Kurna sun gani."

Ya sunkuyar da kai. "Me ta ce?"

"Ba ta zage ka ba. Ta sa an maimaita mata shi. Sai ta ce in tambaye ka, me ya hana ka sa hular kwano?"

Ma'azu ya kifa goshinsa a jikin gilashin, har mai gadi ya taɓa kafaɗarsa.