Allurar da Ta Kayar da Dodo

Gawar ɗan kokawa Dodo, ɗamararsa mai layu, sirinji ɗaya, da Cha'ibu, abokin karawarsa, hannu a ɗaure. Abin da kwalekwalen Ansifekta Siddo ya ɗauko daga Tunuga ke nan.

Dodo ya faɗi a fili tun ba a taɓa shi ba. Mutanen garinsa suka ce Cha'ibu ya yi masa sammu, suna biye da kwalekwalen ta bakin kogi da sanduna.

A Gaya likita ta buɗe gawar. "Majo, malamin asibitin ƙauye, ya auna jininsa kafin ya cika, sukari ya ƙare. Ga tabon allura."

"Allurar me?"

"Tun da aka rufe gadar kan iyaka ake tsallako da ita daga Benin cikin ƙanƙara. Sinadarin girman tsoka ne, an sarrafa shi ya fi kaifi. Ciki ba abinci, tana ƙarar da sukarin jini, tana iya kisa."

Siddo ya kira Rabo, kawun mamacin, mai horar da shi.

"Allura? Ranka ya daɗe, ni saiwa na sani da rubutu. Ku tambayi wancan la'anannen."

Bibata, matar Dodo, mai sayar da kifi ce. Ta zauna tana kallon ƙasa.

"Me ya ci da safe?"

"Ranar kokawa? Ko ruwa ba ya karɓa daga hannuna, don tsoron sammu. Kawu kaɗai ke shiga ɗakinsa."

"Ya shiga?"

"Ya shiga. Sai da ya ɗebi ƙanƙarar kifina, wai gwiwa ke damunsa."

Siddo ya koma wajen Rabo. "Miƙe ka tsuguna."

Rabo ya tsuguna tsaf.

"Gwiwa lafiya. Me kake sanyayawa?"

A waje wani ya jefi ƙofar komisariya, ofishin 'yan sanda, da dutse.

"Kullum bayan ya ci tuwo nake yi masa allurar, ba abin da ya same shi," in ji Rabo. "Ranar na ninka. Kuma ni na hana shi ci." Ya kama kansa. "Ɗan ƙanwata ne, Ansifekta."

"Cha'ibu ma ɗan wata ne. Ka tsaya kana kallo ana neman ransa."

Aka kwance Cha'ibu, aka ɗaure Rabo. Siddo ya tura shi ciki, ya ja ƙofar ƙarfe ya kulle.

"Kira mini Bibata," ya ce wa ɗan sandan da ke gadi. "Daga bakinta mutanen da ke waje za su ji. Sannan ni zan kai Cha'ibu gida."