Hoton Alhaji a Jikin Shinge

Ranar da Auwalu ya fara shiga shagon kilishin Alhaji Mahamane a garin Wheaton na Amurka, 'yarsa Hairat ce ke sayarwa. Ya tsaya yana kallonta har ta ce, "Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Gobe ma kina nan?"

Tana nan, shi ma bai fasa zuwa ba. Ɗan Kano ne, mai aikin tsara birane. A bayan shagon akwai ɗakin da direbobin tasi 'yan Nijar ke taruwa ran Lahadi, su sha shayi, su buga dara, su kalli kokawar gida. Wata rana Auwalu ya nemi izini ya ɗauki hoton Alhaji yana dariya, da butar shayi a hannu. Lokacin har Hairat ta fara ce masa "Nawan".

Sai ga takardar tashi. Kamfanin da Auwalu ke wa aiki ya saye layin kaf, zai rushe ya gina wai dandalin al'adu, da gidan wasan kwaikwayo da shagunan kofi. Da aka kafa shinge, aka rataya ƙaton allon talla, fuskar wa ke jiki? Alhaji da butarsa! Za a kori mutum, a bar hotonsa yana wa baƙi maraba. Wannan ai cin fuska ne.

Hairat ta rubuta masa: "Ashe hoton Babana ka zo nema, ba ni ba. Ka cuce mu, Auwalu. Kada ka ƙara kirana."

Ya amsa: "Hasken idona, wallahi a rahoton roƙon a bar shagon na sa hoton. Ban san za su yi talla da shi ba."

Ta kife wayar. Alhaji kuwa cewa ya yi, "Mi zan yi da macuci? Ga Ɗan Azumi direba, shekara guda yana biɗar ki."

Ranar da hukuma ta kira taron jin ra'ayin jama'a kan rusau ɗin, Hairat ta zauna a baya tana tafasa. Sai ga Auwalu ya miƙe daga cikin mutanen kamfanin.

"Al'adar da kuke cewa za ku kawo, tana nan a ɗakin da za ku rusa," ya faɗa da Turanci. "Ni na ɗauki hoton nan, ban ba ku shi don talla ba. Ku sauke shi."

An sauke allon, an kore shi daga aiki, shagon kuma bai tsira ba. Hairat ta yi kukan haushi, sannan ta rubuta masa: "Nawan, ka ci abinci kuwa?"

Ya zo taya su kwashe kaya. Alhaji ya daɗe yana hararar sa.

"Kai, yanzu ba ka da aiki, ni ba ni da shago. Da mi za ka riƙe ɗiyata?"

"Baba, zan ja tasi kafin Allah ya kawo wani."

"To ka turo magabatanka kafin Lahadi. Ba ni ba kamfani mabuɗin nan sai an ɗaura aure a ciki."

Haka aka yi. Direbobi suka cika ɗakin har waje, aka shafa fatiha, motar rusau na fake a tsallaken titi. Hairat ta kasa kallon bangon da aka kwashe kayan jikinsa, ga daɗi ga takaici. Alhaji ya kulle ƙofa da kansa, ya juyo.

"Allah shi yi muku albarka. Shi ba ku gidan da ba mai tashin ku."