Rabin Maɓallin Ajiya

Da hantsi aka kawo ƙarar a ofishin 'yan sanda, kuma mai ƙarar bai zo hannu rabbana ba, ya zo da wadda yake zargi a kujerar bayan motarsa.

Sufeto yana zaune gaban shayin da ya huce bai sha ba. Ya daɗe a aikin nan har kuka da dariya sun zama ɗaya a kunnensa. Ba mugu ba ne. Kawai abin nan da ke motsawa a ƙirjin mutum ne ya daina motsi a nasa, shi kansa bai san ranar da ya daina ba.

Mai ƙarar manajan wani ƙaramin kamfani ne da ke rubuta manhajar kwamfuta, wadda masu kemis ke tsara magungunansu da ita. Ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa.

"Yallaɓai, an yashe ni," in ji shi. Ya ajiye wani ɗan abu mai kama da filashi a kan tebur. "Wannan makulli ne. Manhajarmu ba ta buɗuwa sai an soka shi a kwamfuta. Yanzu ga ta can tana yawo a gari, tana buɗe wa kowa, ba makulli ba sallama."

"Wa kake zargi?"

"Ga ta nan. Ita ta ƙera makullin, ita kaɗai ta san cikinsa."

Matar tana tsaye jikin bango, rungume da jaka. Auta suke ce mata a kamfanin, don ita aka ɗauka a ƙarshe. Gaban rigarta ya ɗan jiƙe. Kofur, 'yar sandan da ke bakin aiki, ita ce ta lura, ta raɗa wa Sufeto cewa mai shayarwa ce.

Manaja ya riga ya ga shugaban ofis kafin ya ga Sufeto, saboda haka umarni ya sauko tun ba a buɗe fayil ba: a ajiye ta a bayan kanta, gobe da safe a kai ta kotu. Kowa a ofishin ya san abin da ke biyo bayan haka. Alƙali zai ce a tsare ta har a gama bincike, kuma ba a shiga can da jinjiri a sauƙaƙe.

Sufeto ya sa aka shigo da ita ɗakin tambayoyi, ya buɗe kwamfutar da Manaja ya kawo, mai ɗauke da manhajar satar.

"Malama, ke kika yi?"

"Ba ni ba ce, yallaɓai."

"To duba min. Yaya aka fasa makullin?"

Ta ja kwamfutar, ta yi 'yan danne-danne.

"Ba a fasa shi ba," in ji ta. "Ba a ma sa shi ba. Daga asalin rubutun aka haɗa wannan, kafin a kulle."

"Ina asalin rubutun yake?"

"A ofishinmu kaɗai."

"Kin san kin ƙara ɗaure kanki ke nan?"

"Ka tambaye ni ne, na faɗa maka."

Ta buɗe tagar da ake shigar da sabon magani. Nan ne ta tsaya. Ta zuba wa ƙasan tagar ido, ta daɗe, sannan ta janye hannunta daga linzamin kwamfutar ta ɗora a cinya.

"Me kika gani?"

"Ba komai."

"Wa ya yi?"

"Ban sani ba."

Sufeto ya ji ƙarya iri-iri a rayuwarsa, ya san wannan ma ita ce. Abin da bai gane ba shi ne, ƙaryar ba ta amfane ta da komai ba. Da ya fito ya tarar da mahaifiyarta a bakin kanta da jinjiri yana tsala kuka. Ya ce Kofur ta shigar da shi ya sha. Bai ji tausayi ba, kukan ne ke hana shi tunani.

Daga nan ya nufi kemis ɗin da aka samo kwamfutar. Shago ne ƙunci, firjinsa na gurnani, mai shi kuma ya fara rantsuwa tun kafin a tambaye shi.

"Wallahi ban san ta sata ba ce, yallaɓai. Mai gyaran kwamfuta ne ya sa min, shi ma a kwamfutar wani ya kwafa."

"Ka taɓa amfani da ta gaskiyar?"

"A shagon yayana, ita ce."

"Akwai bambanci?"

"Ɗaya ne. Maɓallin ajiya. A ta yayana yana nan zaune daram a ƙasan taga. A tawa ya zame, rabinsa ya shige ƙarƙashi, kansa kawai ya leƙo. Sai na lallaɓa linzami kamar mai zura zare a allura kafin in danna shi. Na ɗauka ko kwamfutata ce ta tsufa."

Sufeto ya tuna inda idon Auta ya tsaya. A ƙasan taga ne.

Kamfanin yana hawa na biyu, saman wani shagon katifu. Ɗaki ne dogo, tebura huɗu, igiyoyi sun cukurkuɗe a ƙasa, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗigar ruwa a bokiti. Ma'aikata biyu ya tarar. Akwai Dogo, mai zagayawa yana sa wa abokan ciniki manhajar, mutumin da bakinsa ba ya hutawa. Akwai kuma wani dattijo a kusurwa, kawun Manaja, wanda kowa ke kira Kawu. Shi ya rubuta manhajar tun farko, tun kamfanin yana teburi ɗaya a falon gidansa.

Sufeto ya miƙa wa Kawu katin shaidarsa. Dattijon ya karɓa da ladabi, ya dube shi, ya gyaɗa kai, ya mayar. A kife Sufeto ya miƙa katin, bisa kuskure, kuma a kife aka dube shi.

Ya fara da Dogo, a baranda.

"Kai ke yawo da manhajar nan. Me zai hana a ce kai ne?"

"Ni? Yallaɓai, kullalliya ake ba ni. Ko ni sai da makulli. Asalin rubutun nan ban taɓa ganin ƙeyarsa ba."

Sufeto ya buɗe kwamfutar, ya nuna masa ƙasan tagar. Dogo ya kwashe da dariya.

"Kai! Wannan ai ciwon masu ƙaton rubutu ne."

"Yi min bayani kamar ga jahili."

"Ka ga, in mutum ya ƙara girman rubutun kwamfutarsa sosai, sannan ya buɗe taga a wurin da ake zana ta, sai na'urar ta sake auna komai da ma'aunin allonsa. Akwatuna, maɓallai, duka. A wurinsa komai daidai yake, ba zai ga aibu ba. Sai an kai wata kwamfutar ne za ka ga maɓalli ya zame ya bar gida."

"Wa ke ƙara girman rubutu a nan?"

"Babu. Ga allunan nan ka duba."

"Manhajarku ta taɓa fita da irin wannan matsalar?"

"Ina! Komai sai ya bi ta hannun Auta kafin a kulle. Yarinyar nan ko ɗigo ya karkace sai ta miƙar da shi."

"Ke nan da ita ta fitar da ta satar, da ta gyara maɓallin?"

Dariyar Dogo ta ɗauke. "Da ta gyara," in ji shi.

Sufeto ya koma ciki ya bi teburan ɗaya bayan ɗaya. Gaskiyar Dogo ne, rubutun kowane allo ƙanana ne. Amma a teburin Kawu akwai sawu biyu a kan katakon, inda ƙafar allon ta goge fenti saboda yawan jawowa gaba da turawa baya.

"Baba, yaya idon?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Kana amfani da tabarau?"

"Na karatu, wani lokaci. Na bar shi a gida."

"Ka san wanda ya fitar da manhajar nan?"

"Allah kaɗai ya sani, ɗana."

"Yarinyar nan fa? Kana ganin za ta aikata?"

Kawu ya shafa gemunsa. "Yarinyar kirki ce," in ji shi, bai ƙara ba.

Ana haka Manaja ya shigo yana tambayar ko an gama. Sufeto ya ce saura abu ɗaya.

"Baba, taimake ni. Ni ban iya abin nan naku ba. Buɗe min tagar shigar da magani a wurin zane, ka nuna min maɓallin ajiya."

Kawu ya gyara zama. Ya ɗora hannu a kan linzami ya motsa shi. 'Yar kibiyar ta yi dama, ta yi hagu, ta haye sama ta maƙale a kusurwa. Idonsa yana can tsakiyar allon yana nemanta inda ba ta. Ya sake kaɗa linzamin, da ƙarfi wannan karon.

"Kawu, ga ta can sama," in ji Manaja. "Ba ka gani ne?"

Dattijon ya sa hannu biyu ya jawo allon har gaban hancinsa, ƙafarsa ta bi sawun nan daidai. Ya danna wasu maɓallai da ka, ba tare da ya duba ba. Rubutun ya kumbura, kowane harafi ya kai girman babban yatsa.

"A haka nake aiki," in ji shi. "In za a shigo sai in mayar."

Manaja ya nemi kujera ya zauna.

"Tun yaushe?" in ji Sufeto.

"An kwana biyu. Likita ya ce ba ya dawowa, gaba zai yi ta yi." Muryarsa a kwance take, kamar mai ba da labarin wani. "Ni na fitar da ita. Wani abokina ne mai ɗan kemis, makullinsa ya lalace, manhajar ta rufe da bayanan magungunansa duka a ciki. Na yi wa yaron nan magana, ya ce a bi layi. Sai na haɗa masa wadda ba ta neman makulli. Shi kaɗai na ba. Ban san za ta bi gari ba."

"Abokin ne kawai dalili?"

Kawu ya girgiza kai.

"A'a. Layi-layi na rubuta abin nan har ya cinye min ido. Da aka sa makulli, ni ma a gidana sai ta tambaye ni izini kafin ta buɗe. Na so a ce akwai guda ɗaya a duniya da ba ta tambayar kowa."

"Kawu, me ya sa ba ka gaya min ba?" in ji Manaja.

"Da ka sallame ni cikin mutunci, da walima da agogon bango. Ina zan je in zauna?"

Sufeto ya rufe kwamfutar satar.

"Auta ta san da maganar idon?"

"Ba mu taɓa yin zancen ba. Amma duk tagar da na taɓa, in ta dawo daga hannunta sai in ji ba wanda ya yi ƙorafi. Na san ita ke bi tana gyarawa. Ta san na sani."

"Kana nan zaune da safe aka fita da ita?"

"Ina nan."

"Ka ce wani abu?"

"Na ce a raina, in an jima zan faɗa." Ya shafa gefen teburin. "Har yanzu in an jiman ne."

Manaja ya fara cewa ai maganar gida ce, a bar ta a nan, zai janye ƙara. Sufeto ya dube shi. Da safe, da ake maganar 'yar wani, bai san da janyewa ba.

"Fayil ya riga ya hau sama," in ji Sufeto. "Ka je ka janye a inda ka kai. Baba, tashi mu je."

Bai sa masa ankwa ba, ba amfani.

La'asar ta yi lokacin da suka isa. Sufeto ya shiga ya sa hannu, Kofur ta buɗe wa Auta. Ta fito da jinjirin a kafaɗa, mahaifiyarta na biye da jaka tana ta godiya ga duk wanda ta gani da kaki. Sufeto ya tsayar da ita a bakin kanta.

"Kin gane shi tun da safe."

"Na gane."

"Da an kai ki kotu fa? Da yaron nan?"

Ta gyara wa jinjirin hula. "Shi ya koya min aikin, yallaɓai. Na ɗauka zai zo da kansa."

A lokacin ne ɗan sanda ya shigo da Kawu ta ƙofar gaba. Suka yi kiciɓis a ɗan siririn lungun da ke tsakanin kanta da ɗakunan tsaro. Ta tsaya. Ya bi ta gefenta har hannun rigarsa ya gogi ƙafar jinjirin, bai san ita ba ce.

A ƙarshen lungun akwai 'yar matakala. Ɗan sandan bai kula ba, ya saba. Kawu ya ɗaga ƙafa zai taka iska.

"Kawu, a hankali, akwai gangara," in ji Auta.

Ya tsaya cak. Ya juyo da fuskarsa wajen muryar, bai dace da inda take ba sosai. Sannan ya laluba da ƙafa ya sauka.

Ba ta jira ba, ta fita da ɗanta. Sufeto ya koma teburinsa ya jawo fayil don ya canza sunan wanda ake tuhuma. Ya ɗauki biro, sai ya ji abin nan da ya daina motsi a ƙirjinsa ya motsa. Ya daɗe riƙe da biron, don ya manta rabon da ya ji haka.