Turaku a Hanyar Zance

Turken ta jefa masa a gaban ƙafa, har jan fentin kansa ya ɓare.

"Ɗauki kayanka!"

Dogo ya kalli turken, ya kalli Auta. Saura wata guda a ɗaura musu aure, bai taɓa ganin idonta ya yi ja haka ba.

"Hasken idona, me ya yi zafi..."

"Kada ka ƙara ce min hasken ido! Idon da bai ga rijiyar ubana ba?"

Ni dai na ga fari uku, na ga ambaliya biyu, duk na tsallake da ƙafafuna, amma ban taɓa ganin fushi irin na yarinyar nan ba. Kuma tana da gaskiya. Wani kamfani ne zai binne bututun mai daga bayan dutse zuwa bakin kogi, suka ɗauki Dogo aikin nuna hanya da dakon kayan awo. Gari ya waye kawai aka ga turaku masu jan kai sun jeru, sun ratsa lambunan mutane, sun bi ta gindin rijiyar da babanta, Baba Maihaƙa, ya haƙa da hannunsa. Ita duk gari ke sha. Takarda kuma ta ce taku talatin hagu da dama ba shuka, ba gini, rijiya ma cike ta za a yi.

"Na bi turakun nan ɗaya bayan ɗaya," in ji Auta. "Daga dutse, ta gindin mangwaro, ta kan duwatsun tsallake, ta cikin lambu, har rijiya. Wannan ba hanyar injiniya ba ce, Dogo. Hanyarka ce. Ta nan kake zuwa zance!"

Ya sunkuyar da kai.

"Cewa suka yi in nuna musu inda ƙasa ta fi laushi... Wallahi ban yi tunani ba. Shekara uku ina bin ta zuwa wurinki. Ƙafata ce ta kai ni."

"Au! Ashe soyayyarka ce za ta cike mana rijiya?"

"Auta..."

"Da ƙina kake yi, da mun huta!"

Ta juya ta tafi, sai da ta sha kwana sannan ta bar hawayen suka zubo.

A gida ta tarar tsakar gida cike da dattawa, kowa na magana ba mai sauraron wani. Baba Maihaƙa na zaune kan juyayyen bokiti, yana sa wa digarsa sabuwar ƙota. Bai ɗaga kai ba.

"'Yar auta, kin gan shi?"

"Na gan shi, Baba."

"To ki ƙara masa da wannan. Wanda ya nuna wa baƙo hanyar rijiyata, ba zai shigo gidana ta wannan hanyar ba. Gaba tara na shiga ƙasa, ta rufto min sau biyu na fito da raina. Yanzu wani mai hular roba, wanda bai taɓa ɗebo guga ɗaya ba, ya zo ya ja min layi?"

"Baba, kuskure ya yi..."

"Kuskure? Mutum ɗari huɗu za su sha kuskure in rani ya yi?"

Ga uba, ga masoyi, kuma abin haushin, uban ne mai gaskiya.

Kwana uku ba ta ɗauki wayarsa ba. A na huɗu ta same shi da kanta a bakin rumfar kamfani, yana sanye da rigarsu mai ƙyalli.

"Akwai wata hanya ko babu?"

"Akwai. Ta kan tudun tsakuwa, inda ko akuya ba ta kiwo. Na faɗa wa injiniya, ya ce an riga an zana, an buga hatimi. Ya ce in na sake tayar da maganar in ajiye musu rigarsu."

"To rigar ce za ta dafa maka abinci?"

"Auta, da aikin nan zan riƙe ki..."

"Ka riƙe ni a ina? A garin da ba ruwa?"

Ranar da motar haƙa ta iso, mata suka zauna a kan layin turakun da bokitansu, tun daga lambu har rijiya. Auta ce a gaba. Injiniya ya fito yana kaɗa takarda.

"Bincikenmu ya nuna ƙasar nan busasshiya ce. Ruwan rijiyar daga nesa yake zuwa."

"Takardar taka ta taɓa shiga rami?" in ji Baba Maihaƙa.

Aka kwashe da dariya. Injiniya ya ɗaga wa direba hannu, mota ta yi gurnani. Auta ba ta motsa ba.

Sai ga Dogo ya ratso mutane. Ya tuɓe rigar kamfani, ya rataye ta a kan turke, ya miƙa wa tsohon hannu.

"Baba, ara min digarka."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sakar masa.

A tsakiyar lambun Baba Maihaƙa, daidai kan layi, Dogo ya fara sara. Injiniya ya ce, "Ka san ka kori kanka?" Bai ko waiga ba. Rami ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, hannunsa ya fashe, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Haka ake riƙe diga?" Baba Maihaƙa ya daka masa tsawa. "Kamar mai kashe sauro! Matsa!"

Tsoho ya dira ramin. Ɗaya na sara, ɗaya na kwashewa. Ni na riƙe musu igiyar bokiti, kuma ba yabon kai ba, da ban riƙe ba da har yanzu suna can. Ramin bai kai ƙirji ba ƙasa ta yi duhu, ta yi laushi, ruwa ya fara tsattsafowa ta tsakanin yatsun ƙafarsu.

Tsohon ya cika tafin hannunsa ya miƙa wa injiniya.

"Ga busasshiyar ƙasarka. Jijiyar ruwa ɗaya ce tun daga dutse har kogi. Ka kwantar da ƙarfenka a ciki, damina ɗaya ya yi iyo. Ran da ya tsiyaya kuwa, kai za ka fara sha!"

Injiniya ya koma gefe yana waya, ya daɗe. Mota ta juya. Bayan mako biyu aka ga sababbin turaku a kan tudun tsakuwa. Kada wani ya ce tausayinmu suka ji, bututunsu suka tausaya wa. Dogo kuwa ba su mayar da shi ba.

Tsofaffin turakun, Baba Maihaƙa ya hana kowa taɓawa.

"Wanda ya kafa, shi zai cire."

Yini guda Dogo ya yi yana tumɓukewa. Da la'asar ya sauke damin a ƙofar gida, hannuwansa naɗe da tsumma. Auta na leƙe ta bayan ƙyaure.

"Ga su, Baba. Me zan yi da su?"

"Ka je ka kewaye ramin da ka ɓata min lambu da shi." Tsohon ya ci gaba da goge digarsa. "Kada jikokina su faɗa."

Auta ta toshe baki da mayafi. Da tsohon ya shige ciki ta fito, ta kama tsumman hannunsa ta gyara masa ɗaurin, hawaye na sauka a kai.

"Gobe ta wace hanya za ka zo?"

"Ta wadda na saba, hasken idona."

"To," ta ja ƙullin har sai da ya yi ƙara, "wannan karon ka zo kai kaɗai."